Ɗalibai Kirista Na Ƙetare Da Aikin Gayya A Garuruwanmu

Kowace shekara, in makarantun Amurka da na Turai suka tashi babban hutu, wajen watan Yuni zuwa Agusta, coci-coci da ƙungiyoyin ɗalibai Kirista su kan haɗa ayarin samari da 'yammata, goma ko ashirin, su tura su wata ƙasa aikin taimako. Waɗansu mako biyu su ke yi, waɗansu wata biyu. Su kan gina aji, su shafe ɗakin shan magani da fenti, su haƙa masai, su koya wa yara karatu, sa'an nan su hau jirgi su koma gida. Kafin su iso, takarda ta kan riga su, kuma sau da yawa bisa teburin hedimasta ko na akawun ofishin ilmi ta ke sauka. Shi ya sa muka ga ya kamata mu tattauna wannan magana da ku, malamai da akawuna, domin ku a ke fara tambaya, a ce musu su zo, ko kuwa a ba su haƙuri?

Amsa iri biyu mu kan ji. Akwai masu cewa duk wanda ya zo da buhun siminti a buɗe masa ƙofa, kada a tsaya bincike. Akwai masu cewa wannan duk dabara ce ta raba yara da addinin iyayensu, a mai da takardar inda ta fito. A ganinmu dukansu biyu sun yi gaggawa. Mu ra'ayinmu a karɓe su, amma da sharaɗi, a kuma rubuta sharaɗin tun ba su taso ba. Ga dalilanmu.

Al'adar nan tsohuwa ce. A 1886 wani mai wa'azi, Dwight Moody, ya tara ɗalibai a wani wuri da a ke kira Mount Hermon cikin Amurka, a nan ɗalibai ɗari suka yi alkawarin fita ƙasashen waje aikin mishan. Amma mutanen wancan zamani in sun fita, da niyyar zama su ke fita, su koyi harshe, galibi su tsufa a can ko su mutu. Mun ga irinsu a ƙasar nan. A 1893 samari uku suka sauka Ikko da niyyar shigowa ƙasar Hausa, ba a yi shekara guda da rabi ba ciwo ya kashe biyu, ɗaya a Girku, ɗaya a Bida. Ƙungiyar da suka fara, watau SIM, ita ta buɗe asibitin ido na Kano a 1943, inda har yau Musulmi da Kirista ke zuwa neman lafiyar ido. Ko wanda bai yarda da wa'azinsu ba ya san wannan aiki ya amfani talakawa.

Tafiya ta ɗan gajeren lokaci kuwa daga baya ta yi ƙarfi, da jirgin sama ya sauƙaƙa hanya. Misali mafi kyau da muka sani shi ne na James Robinson, wani baƙin mutum, limamin wata coci a unguwar Harlem ta birnin Niyok. A 1958 ya kawo ayarin farko na ɗaliban Amurka Afirka ta Yamma, har da Nijeriya da Gana, ƙarƙashin ƙungiyar da ya kafa, Operation Crossroads Africa. Abu uku ya yi waɗanda suka cancanci a lura da su. Na farko, ya haɗa baƙi da farare cikin ayari ɗaya, suna ci tare suna kwana tare, a lokacin da a kudancin ƙasarsu sai da aka kai soja garin Little Rock a 1957 kafin yara baƙaƙe tara su shiga makarantar farare. Na biyu, ko da ya ke shi limami ne, bai mai da tafiyar ta wa'azi ba, ya kuma ɗauki ɗalibai ba tare da duban addininsu ba. Na uku, wanda ya fi duka, ya nace a yi aikin tare da ɗaliban ƙasar da aka je, baƙo da ɗan gari su kama bulo ɗaya. A 1962 Shugaba Kennedy da bakinsa ya shaida cewa wannan ƙungiya ce mafarin Peace Corps, watau rundunar samari masu aikin sa kai da gwamnatinsa ta kafa a 1961.

To, wannan shi ne kyakkyawan gefen. Ɗaya gefen ma ba mu ɓoye shi.

Aibi na farko shi ne lissafi. Kowane akawu ya iya wannan. Kuɗin jirgin ɗalibi ɗaya daga Amurka zuwa Kano da komawa ya isa a biya birkila ladan watanni. A ninka shi sau goma sha biyar, a ƙara kuɗin abinci da mota da masauki, za a ga abin da aka kashe wajen kawo masu ginin ya ɗara kuɗin ginin kansa nesa ba kusa ba. Ga shi kuwa yaron da ya zo bai taɓa riƙe cebur ba, magininmu na nan zaune ba shi da aiki. In don ajin kaɗai a ke yi, da kuɗin aka aiko da ya fi.

Aibi na biyu shi ne ido. Baƙo ko yana da ido makaho ne, abin da ya fara gani shi ya ke ɗauka gari ke nan. A watan Oktoba na 1961 wata budurwa cikin ayarin farko na Peace Corps da ya zo Nijeriya, tana Kwalejin Jami'a ta Badun, ta rubuta kati zuwa gida tana ba da labarin ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, aka buga shi aka rarraba, aka yi zanga-zanga, har ta bar ƙasar. Ba mu ce ta yi da mugun nufi ba. Amma yanzu kowane baƙo yana da na'urar ɗaukar hoto cikin wayarsa, hoton ɗan wani da tsumma a jiki ya kan zaga duniya kafin rana ta faɗi, ana neman taimako da shi, uban yaron bai sani ba.

Aibi na uku shi ne kyakkyawar niyya wadda ba ta san doka ba. Bayan girgizar ƙasa ta Haiti a Janairun 2010 an kama Amurkawa goma na wani ayarin coci suna shirin ƙetare iyaka da yara 33 ba tare da takardun izini ba, da sunan marayu, daga baya aka tarar da yawansu suna da iyaye a raye. Tun a 1968 ma wani malamin Katolika, Ivan Illich, ya tsaya gaban masu shirya irin wannan tafiya zuwa ƙasar Meziko ya ce musu su daina zuwa da sunan taimako, in za su zo su zo koyo. Daga cikin gida wannan suka ta fito, saboda haka ba za a ce ƙiyayyar addini ce ba.

Tun da haka ne, don me ba mu ce a rufe ƙofa ba? Domin amfanin tafiyar ba a bangon aji ya ke ba, yana ga mutanen. Saurayin da ya yi mako shida yana cin tuwo da mutanen ƙauye, ya ga an kira salla an ajiye aiki, ya ga maƙwabci Kirista da maƙwabci Musulmi sun ɗauki jinka tare, in ya koma gida da wuya a faɗa masa ƙarya a kanmu ya yarda. Ɗalibanmu su ma sun ga ɗan jami'a ya tuɓe riga ya shiga kwaɓa ba tare da jin ya ƙasƙanta ba. Wannan darasi ne da muka daɗe muna so ya shiga kan 'ya'yanmu.

Ga sharuɗɗan da mu ke ba da shawara a sa cikin amsar takardar. Mutanen gari su zaɓi aikin, da sanin dagaci da iyayen yara, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. In gari rijiya ya ke so, kada a kawo masa fenti. Magini da kafinta na gari su shugabanci aikin, a biya su ladansu cikakke, baƙi su zama 'yan kwaɓa da ɗaukar bulo a ƙarƙashinsu. Kowane baƙo a haɗa shi da ɗalibi namu. A sayi kayan aiki da abinci a kasuwarmu. Kada a ɗauki hoton yaro sai da yardar iyayensa, kada a bar baƙo shi kaɗai da yara, kada wanda ba likita ba ya ba da magani. A kuma rubuta wanda zai kula da abin da aka gina bayan sun tafi, don mun sha ganin famfon da ya lalace cikin shekara guda aka rasa mai gyara.

Saura maganar addini, wadda ita ce ke ran mutane ko ba su faɗa ba. Ba mu ce baƙo ya ɓoye addininsa ba. Gara ma ya faɗi tun a takarda cewa coci ce ta aiko shi, ya yi ibadarsa a masaukinsa, in babba mai hankalin kansa ya tambaye shi ya amsa. Amma makaranta amana ce. Tsarin mulkin ƙasar nan na 1999, a sashe na 38, ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Saboda haka babu wa'azi a aji, ba a kuma ɗaura magani ko littafi ko biskit a kan sai yaro ya zo addu'a. Wannan ma'auni ɗaya ne ga kowa. In ƙungiyar ɗalibai Musulmi ce ta tafi aiki ƙauyen Kirista, da shi za mu auna ta. Malamin da ya tsare wannan ga 'ya'yan wani, shi ya ke da bakin neman a tsare wa nasa.

A ƙarshe akwai tambayar da ta fi damunmu, mu da ke horon malamai. Gayya tamu ce tun kaka da kakanni, da ita a ke noman gonar tsoho, da ita a ke yaɓen masallaci da ganuwa. Tun 1973 gwamnati ke tura waɗanda suka gama jami'a hidimar ƙasa ta shekara guda, amma wannan dole ce ta doka. Ina aikin ganin dama? Ɗalibai nawa na kwalejojinmu suka taɓa ba da mako biyu na hutunsu don gyaran ajin da suka fara koyon baƙi da wasali a cikinsa? In yaro ya iya tara kuɗi ya ƙetare teku don ya gina wa wanda bai sani ba masai, mu da makarantar ke bayan gidanmu ba mu da hanzari. Muna roƙon kowane hedimasta ya haɗa tsofaffin ɗalibansa a hutu mai zuwa, Musulmi da Kirista, ya nuna musu rufin da ke yoyo. In baƙi sun zo daga baya, su tarar an riga an fara, su kama inda aka nuna musu. Allah ya sa mu gane, amin.