Guzurin Maniyyaci: Lafiyar Jiki Kafin Tsaraba

Ga yawancin mutanen Kademi da ƙauyukan Gaya da Ajingi, tafiya ta farko zuwa ƙetare Hajji ce ko Umara. Sai manomi ya sayar da shanu da amfanin gona na shekaru kafin ya haɗa kuɗin kujera, wanda a 2025 ya haura naira miliyan 8, sannan a danƙa masa guzurin dala 500. Inda ya dace ya saki hannu da wannan ɗan kuɗi shi ne kan abin da zai tsare masa ƙarfin jikinsa, domin da jiki ake aikin Hajji. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya fi kilomita 3, ban da ɗawafi da tattakin zuwa jifa daga tantunan Mina. A Hajjin 2024 zafi ya haura maki 50 a Makka, mahajjata sama da 1,300 suka rasu, akasarinsu waɗanda suka shiga ba da izini ba, babu tanti babu mota. Dattijon da ya biya mai tura keke a wajen sa'ayi, ya hau tasi da tsakar rana, ya ci abinci mai kyau, bai yi almubazzaranci ba. Mai zuwa Umara ta kamfani kuwa, gara ya ƙara kuɗi ya sauka kusa da Harami, ya haƙura da yada zango a Dubai, ya ba Madina kwanakinta, ya ziyarci Ƙuba da Uhudu a tsanake.

Za a ce tsaraba zumunci ce, kuma Alhajin da ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano hannu rabbana zai sha surutu a gari. Wannan magana tana da nauyi, musamman inda dangi suka yi karo-karo. Amma a duba abin da ake cika jaka da shi: jallabiya, darduma, carbi da agogo, yawancinsu ƙirar Sin ko Turkiyya, waɗanda ke jibge a Kantin Kwari da Kasuwar Kurmi, ba sai an canji riyal ko an biya kuɗin kayan da suka wuce awo ba. Abin da masu zuwa barka da sauka suke kwaɗayi shi ne ruwan Zamzam da dabinon Madina da addu'ar Alhaji, kuma waɗannan ba su cinye guzuri.

Wasu kuma kan ce wahala tana ƙara lada. Wahalar da ba makawa daga gare ta, Allah Yana saka wa mai haƙuri da ita. Amma wanda ya kwana da yunwa don ya sa haƙorin Makka, ranar Arfa ta same shi kwance ana ƙara masa ruwa, ya yi asarar abin da ya kai shi. Ya kamata malaman bita na Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano su koyar da kasafin guzuri kamar yadda suke koyar da ɗaura harami: a fara ware kuɗin abinci da mota da magani, sai a nemi tsaraba da abin da ya rage.