Wasiƙa ga Makanikan Sabon Tasha kan Warin Kulan a Cikin Mota

Zuwa ga iyayen gidan gareji da yaransu masu koyon aiki a Sabon Tasha da sauran unguwannin bakin hanyar Kachia.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne ƙorafin da yakan yawaita tsakanin Disamba da Janairu, sa'ad da sanyin hunturu ya sa direba ya kunna hitar da ta yi wata da watanni ba a taɓa ta ba, sai ya ji wani wari mai zaƙi-zaƙi yana fitowa daga ramukan iska. Warin na kulan ne, wato ruwan nan mai launi da ake zuba wa lagireto, wanda tushensa sinadarin etilin gilaikol ne, guba mai lalata ƙodar wanda ya sha shi. Ita hita ba ta da wutar kanta: ƙaramin lagireto ce da aka ɓoye bayan dashbod, tiyo ɗaya yana kai mata ruwan inji mai zafi, ɗaya yana mayar da shi, fanka kuma tana hura iska ta tsakaninta zuwa ga fasinja. A yawancin motocin zamani ruwan yana ratsa ta kullum, ko an kunna ko ba a kunna ba, saboda haka takan daɗe tana lalacewa kafin hanci ya ba da labari.

Makanikin da ya san aikinsa ba ya fara da kwance dashbod, domin aiki ne mai cinye yini guda, kuma sau da yawa laifin ba a can yake ba. Tiyon da ya tsage a ɗakin inji yakan ɗiga kan ƙarfe mai zafi, tururin ya shiga ta kafar iskar da ke gindin gilashin gaba. Idan aka rufe iskar waje aka bar ta ciki tana zagayawa sai warin ya ragu, to, a nemi yoyon a waje. Idan kuwa gilashin yana yin wani hazo mai maiƙo daga ciki, kafet ɗin gaba ya jiƙe, ruwan tankin ajiya kuma yana raguwa ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba, zargi ya koma kan hita. Jiƙewar kafet ita kaɗai ba shaida ba ce, tun da bututun zubar da ruwan iyakwandishan ma yakan toshe. Sai dai ruwan iyakwandishan ba shi da wari, ba ya kuma santsi tsakanin yatsu. Abin da ke yanke shakka shi ne famfon gwaji, wanda ake ɗaurawa a bakin lagireto inji yana da sanyi, a hura zuwa adadin da aka rubuta a murfi, galibi kusan bar 1, a zuba wa allura ido. Wani lokaci ma ba hitar ce ta fashe ba, zoben robar da ke mahaɗarta da bututu ne ya bushe, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Samun yoyon rabin aiki ne, domin akwai abin da ya jawo shi. Mafi yawa ruwan rijiya ne ko na leda da ake ɗura wa mota bisa tunanin cewa kulan na ƙasashen ƙanƙara ne, alhali a cikinsa akwai maganin tsatsa, kuma yana ɗaga zafin da ruwa zai kai kafin ya tafasa. Tsohuwar Peugeot 504 ta zamanin da kamfanin Peugeot na Kakuri ya fara haɗa mota a 1975 tana iya daurewa da wannan sakaci na ɗan lokaci, amma mota 'yar Kwatano mai hitar alminiyam da siraran hanyoyin ruwa ba ta da wannan haƙuri. Wajibi ne kuma a duba murfin lagireto da gaskit ɗin kan inji, saboda gaskit ɗin da ya ƙone yana tura iskar ƙonewa cikin ruwa, ta matsa har ta fasa sabuwar hitar kamar yadda ta fasa tsohuwar.

Dabarar da aka saba, ta cire tiyo biyun a haɗa su da juna a bar hita a bushe, ba laifi ba ce idan mai mota ba shi da kuɗi a hannu. Laifin shi ne a karɓi ladan gyara a ɓoye masa cewa ba zai ƙara samun iska mai ɗumi ba, ko da asubar hunturu, ko a ruwan Agusta lokacin da gilashi ke rufewa da hazo. Garin toshe yoyo da ake sayarwa kuwa yakan toshe lafiyayyun hanyoyin tare da ramin. Hitar da aka samo daga kasuwar Panteka a gwada ta da iska cikin bokitin ruwa kafin a ɗaura. A cire kan batir kafin a taɓa dashbod mai jakar iskar kariya, bayan an gama a fitar da iskar da ta maƙale a ruwan, hita tana kan zafinta na ƙarshe, sannan a ɗaga kafet a wanke sosonsa a shanya, in ba haka ba mai mota zai dawo bayan mako guda yana rantsuwa cewa warin yana nan.