Hoton Gorila A Duwatsun Mbe, Da Darasinsa Ga Dazuzzukan Arewa

Cikin watan Yuli na 2020 aka fito da waɗansu hotuna daga Jihar Kuros Riba waɗanda jaridun duniya suka yi ta bugawa. Hotunan wani garken gorila ne, watau ƙaton birin nan baƙi maras wutsiya, manya da 'ya'yansu, har da na goye, suna ratsa kurmi a kan duwatsun Mbe kusa da iyakar Kamaru. Babu mutumin da ya tsaya ya ɗauke su. Wata 'yar kyamara ce aka ɗaure jikin itace, aka tafi aka bar ta.

Mai karatu da ke neman abincinsa a Ikko ko Badun ko Anaca yana iya cewa ina ruwansa da hoton biri a dutsen da bai taɓa takawa ba. To, da ruwansa, gama labarin hotunan nan ya taɓo dajin da ke bayan garinsu can gida.

Shi wannan gorila na Kuros Riba ya fi kowane irin gorila ƙaranci a duniya. Masana sun ƙiyasta duka-duka ba su wuce 300 ba, misalin 100 a Nijeriya, sauran a Kamaru. Wani Bajamushe, Paul Matschie, shi ya fara bayyana shi ga masana cikin 1904. Bayan yaƙin basasa mutane da yawa sun ɗauka ya ƙare a ƙasar nan, sai wajen ƙarshen shekarun 1980 aka tabbata yana nan. Saboda tsananin farautar da ya sha, ya koma can ƙololuwar duwatsu, da ya ji motsin mutum sai ya ɓace. Don haka masu bincike suka yi shekaru suna ƙidaya shi ta kashinsa da shimfiɗun ganye da yakan yi ya kwana a kai. Hoton kuwa ya kawo abin da shimfiɗa ba ta iya nunawa sosai: ga 'ya'ya ƙanana, ga su da ƙoshin lafiya, watau garken yana haihuwa. Gani ya kori ji.

Yadda kyamarar ke aiki ba wuya. Akwati ne ɗan ƙarami mai batir, da wani ido da ke jin ɗumin jiki da motsi. Da dabba ta gitta sai ya ɗauka, ko da rana ko da dare, gama yana da wani haske da ba ya firgita dabba. Daga hotunan ake bambanta wannan dabba da waccan: damisa ta zanen jikinta, giwa ta yagewar kunnenta, gorila ta tsagar hancinsa. Ta haka ake samun ƙidaya mai tushe maimakon jita-jitar maharba. Kyamarar kuma ba ta ɓoye aibu. Cikin 2012 wata irinta ta ɗauki gorila takwas a dajin Kagwene na Kamaru, aka ga ɗaya ba shi da hannu guda, kuma ana zaton tarkon waya ne ya cire shi.

Amma fa akwatin nan ba ya kai kansa daji. Sai mutum ya ɗauke shi ya hau dutse da ƙafa, ya san hanyar da dabba ke bi, ya komo bayan 'yan makonni ya canja batir ya kwashe hotuna. Sai kuma ya tarar ba a sace shi ba. Ashe kowane hoto shaida ne na abu biyu: dabbar tana raye, kuma akwai masu tsaron da ke shiga wurin su fito lafiya.

A Mbe, ƙauyuka tara ne ke da dajin. Su suka haɗa kai suka kafa ƙungiyarsu, suka shata iyakar inda ba a farauta ba a noma. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS, mai hedkwata a Amurka, ta ɗauki 'ya'yan ƙauyukan aikin gadi, cikinsu har da waɗanda a da maharba ne, suna sintiri suna kwance tarkuna. Lokacin da ta fito da hotunan, ƙungiyar ta ce tun 2012 ba a sami labarin an kashe gorila ko ɗaya a Nijeriya ba. Saboda haka hoton 2020 girbin aikin shekaru ne, kyamara dai ta zo ta tarar.

In aka ɗauki wannan ma'auni aka auna Arewa da shi, me za a gani?

Yankari ta Jihar Bauci ita ce abin nunawa. An keɓe ta cikin 1956, aka buɗe ta ga 'yan kallo cikin 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta cikin 1991, ta mayar wa jihar cikin 2006. Girmanta ya haura murabba'in kilomita 2,200. A nan baƙo ke iya shiga mota da ɗan rakiya, ya bi gefen kogin Gaji da rani, ya ɗauki hoton giwa da ɓauna da gwanki, ya komo ya yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. An kuma ɗaura wa waɗansu giwayenta abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, don masu gadi su san inda garke ya nufa. Duk da haka giwayen sun ragu ƙwarai, zakuna kuwa 'yan kaɗan suka saura. Wani bincike da aka buga cikin 2014 ya tarar zakunan Afirka ta Yamma duka misalin 400 ne, a wurare huɗu kacal, biyu daga ciki su ne Yankari da gandun dajin Tafkin Kainji.

Sauran wuraren fa? Sambisa ta Barno gandun namun daji ce a da, mai giwa da jimina. Da tsaro ya yi sakaci, kowa ya san waɗanda suka gaje ta. Kamuku ta ƙasar Birnin Gwari, wadda ta zama gandun Tarayya cikin 1999, ta faɗa hannun ɓarayin shanu da masu satar mutane. Kainji ma 'yan bindiga sun kutsa cikinta. Dajin da mai gadi ya bari ba ya zama kango, wani ne ke tarewa a ciki, kuma daga can ake fitowa a auka wa ƙauyuka. Mutane da yawa da ke tura baro ko tuƙa babur a biranen Kudu, wannan ne ya raba su da gonakinsu. Inda ba a iya ɗaura kyamara a dawo a same ta, ba a iya shuka gero a dawo a girbe.

Kada kuma a ɗauka hoto ba shi da nasa lahani. In aka watsa shi tare da bayyana daidai inda aka ɗauka, an yi wa maharbi jagora ke nan. Kuma manomin da giwa ta tattake masa dawa a gefen Yankari ba zai ƙoshi da kyan hotonta ba. Muddin mutanen gefen daji ba su ga aiki ko diyya ko rabonsu daga kuɗin 'yan kallo ba, to, abokan gaba ake tarawa. Abin da ya sa Mbe ta yi nasara shi ne masu dajin su ne masu gadinsa.

Akwai kuma gefen da ya shafi mazauna Kudu kai tsaye, watau kasuwa. Cikin Janairu na 2021 'yan kwastan sun kama kusan tan 9 na ɓawon ɗankunya tare da hauren giwa a tashar jiragen ruwa ta Apapa, za a kai Biyetnam. Cikin Janairu na 2024 gwamnati ta niƙe tan biyu da rabi na hauren giwa a Abuja. Kayan nan a mota suke isowa bakin teku, wani ya loda, wani ya tuƙa, wani ya ba da ɗakin ajiya. Dokar 1985 ta hana wannan ciniki, kuma galibi ɗan dako da direba ake fara damƙewa, mai kayan yana can yana barci. Ya kamata sarakunan Hausawa na zango-zango da shugabannin direbobi su riƙa jan kunnen mutanensu: buhun da ba a yarda a buɗe ba, kada a ɗauka.

Gwamnonin Arewa kuwa, abin da ƙauyuka tara suka iya bai kamata ya gagari jiha ba. A ɗauki 'ya'yan gefen daji aikin gadi, a biya su kan kari, a sa dagatai da ardo-ardo cikin shawara, sa'an nan a ɗaura kyamarori a riƙa nuna wa jama'a abin da suka kama kowace shekara. Ran da aka ga sabon hoton namun daji daga Kamuku ko Sambisa, ran nan ɗan ci-rani zai san hanyar gida ta fara buɗewa. Allah Ya nuna wa kowa wannan rana.