Ƙaramin kwalbati da babbar kasuwa: hanyoyin da New Bell ta dogara da su

Duk wanda ya bi hanyar Duwala zuwa Yawunde ya san tsohuwar gadar Jamusawa da ke Edea a kan kogin Sanaga. An gama ta a 1911, bakanta na ƙarfe ya kai kusan mita 160, kuma har yau tana tsaye, ko da yake manyan motoci sun koma wata gada. Matafiya kan tsaya su ɗauki hotonta.

Amma abin da ya taɓa raba biranen biyu ba babbar gada ba ce. Ranar 21 ga Oktoba 2016 ruwan sama ya cinye wani kwalbati a Manyai, hanya ta yanke. Jama'a suka yi tururuwa zuwa tashar jirgin ƙasa, aka ƙara taragai, jirgin ya kauce daga layinsa a Eseka. Hukuma ta ce mutum 79 suka rasu, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu. A 2020 gadar Palar ta Marwa ta rufta, a Nuwamban 2024 kuma ƙasa ta zaftare a hawan dutsen Dschang ta binne motoci.

Mu mazauna New Bell wannan ya shafe mu kai tsaye. Albasa, gyaɗa da shanun da muke saye da sayarwa daga arewa suke saukowa, kayan Chadi da Afirka ta Tsakiya kuwa daga tashar jiragen ruwan Duwala suke hawa. Hanya ta yanke kwana uku, albasa ta fara ruɓewa a mota, farashi ya tashi, ɗan dako ya kwana bai samu na cefane ba.

A ganinmu matsalar ta kulawa ce. Gada ta biyu a kan Wouri ta samu kuɗi da kyamarori, kwalbatin daji kuwa ba mai leƙa shi sai ya faɗi. Mu ma da namu laifin. Akwai 'yan kasuwarmu da ke loda wa tirela fiye da ƙima don rage kuɗin mota, su kuma nemi hanyar kauce wa ma'auni. Wannan nauyin a kan gada yake sauka, damina bayan damina. Kafin ruwan Yuli da Agusta ya kankama, ya kamata ƙungiyoyin direbobi da na 'yan albasa su zauna kan batun lodi, su kuma rubuta wa hukumar ayyuka sunayen wuraren da direbobi suka ga ƙasa ta fara zaizayewa.