Da tsohuwar zuma ake magani: mu ceto littattafan tsirrai da dabbobi

Duk mai bin titin Kennedy ko gefen kasuwar Mokolo a nan Yawunde ya san masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, waɗanda ake kira 'yan poto. In watan Satumba ya kama, iyaye kan yi musu dafifi suna neman littafin lissafi da na Faransanci. Amma akwai waɗanda ba mai ɗagawa: na tsuntsaye, na itatuwa, na namun daji. Tunda ba a jarrabawa da su, sai su yi ta shan rana da ruwan sama, ƙarshenta a naɗe ƙosai ko tsire da su. A ganina wannan asara ce, kuma mu mazauna Briqueterie da unguwar Madagaska za mu iya tare ta da kuɗi kaɗan.

Ni malamin makaranta ne, kullum ina tare da yaran da aka haifa a wannan birni. Suna jin Hausa, suna shan miyar kuka da daddawa, amma da yawansu ba su taɓa ganin itacen kuka ko ɗorawa ba, domin Yawunde ƙasar kurmi ce. Ka ce da yaro gawo, ko marke, ko kanya, sai ya saki baki yana kallonka. Kakanninsu da suka zo daga Garwa, Marwa ko Kano sun san waɗannan sunaye da amfanin kowanne, to amma kullum raguwa suke yi.

Wani ɓangare na wannan sani yana cikin tsofaffin littattafai. A 1916 wani likita da ya yi aiki a arewacin Najeriya, J. M. Dalziel, ya fitar da A Hausa Botanical Vocabulary, inda ya jera sunayen tsirrai na Hausa tare da na kimiyya, a 1937 kuma ya biyo da The Useful Plants of West Tropical Africa. George Bates, Ba'amurken da ya daɗe zaune a Bitye, kudancin Kamaru, ya buga littafinsa na tsuntsayen Afirka ta Yamma a 1930. Jerin Flore du Cameroun ya soma fitowa a 1963, kuma René Letouzey, wanda ya assasa ma'ajiyar busassun tsirrai ta ƙasa a nan Yawunde, yana cikin manyan masu aikin. Samun irin waɗannan a poto sai an yi sa'a. Amma ƙananan jagorori masu zane, kamar na Serle da Morel kan tsuntsaye, na 1977, da tsofaffin littattafan kimiyyar halittu na sakandare, sun fi sauƙin samu.

Littattafan nan shaida ce ta abin da ƙasar nan ta taɓa mallaka. Na da can suna lissafa karkanda cikin dabbobin arewacin Kamaru. A 2006 masu bincike suka zagaya yankin ba su ga ko ɗaya ba, a 2011 kuma ƙungiyar IUCN ta sanar cewa baƙin karkandan Afirka ta Yamma ya ƙare ƙaf a duniya. Yaron da bai san an taɓa yin karkanda a ƙasarsa ba, yaya zai damu da zakuna da raƙuman dawa na Waza?

Wani zai ce ai iliminsu ya tsufa. Gaskiya ne wasu sunaye sun sauya: gawo da Acacia albida ne, yanzu Faidherbia albida, kaɗanya da Butyrospermum parkii ce, yanzu Vitellaria paradoxa. Haka kuma wasu marubutan zamanin mulkin mallaka sun yi wa mutanenmu kallon raini. Aikin malami ke nan ya nuna wa ɗalibi inda aka yi daidai da inda aka kauce. Shi ganyen gawo dai yana nan yadda aka zana shi. Wani kuma zai ce komai na intanet. To, data kuɗi ne, wuta na ɗaukewa, kuma yawancin makarantu ba sa barin waya a aji.

Jama'a, ga shawarata. In ka ga irin wannan littafi, duba ko shafukan zane da taswira sun cika, sannan ka yi ciniki. A gida ka nisanta shi da bango mai laima, ka riƙa shanya shi a inuwa, ka kula da gara da kyankyasai. Kada kuma ka kulle shi a akwati don a ce kana da shi. Malamai da ƙungiyoyin matasan unguwa su haɗa kanta guda a wata makaranta, da rajistar aro. A tura yara da littafi wurin dattawa, mahauta da masu maganin gargajiya, su nuna zane, su rubuto sunan Hausa, na Fulatanci da na Ewondo. Ranar hutu a kai su gidan namun daji na Mvog-Betsi su gwada zane da dabbar kanta.

A fara tun yanzu, dattawan da za su faɗi sunayen suna raye. Allah Ya sa mu dace.