Hakkin Shaida A Wuyan Tsofaffin Sojan Ruwa

 

A bakin kogin Hudson, cikin birnin Niyok na ƙasar Amurka, akwai wani ƙaton jirgin ruwan yaƙi a ɗaure, sunansa Intrepid. Irin jiragen nan ne da aka shimfiɗe bayansu kamar fili, jiragen sama suna tashi suna sauka a kai a tsakiyar teku. An sa shi aiki a 1943, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, da mutum wajen 3,000 a cikinsa, watau gari guda bisa ruwa. Ya bar aiki a 1974, har aka yi niyyar sare shi a sayar da ƙarfen, sai wani attajiri, Zachary Fisher, ya tsaya aka mai da shi gidan tarihi a 1982. Tsofaffin da suka yi soja a cikinsa sukan taru a kansa, kamar yadda suka yi a watan Agusta na 2018, sa'ad da ya cika shekara 75 da fara aiki.

Akwai masu cewa irin wannan taro yi wa yaƙi ado ne, ana sa yara sha'awar abin da ya kamata su ƙi. Maganar tana da gindi, gama kaɗe-kaɗe da tutoci sukan rufe jini. Amma bafataken da ya taɓa ketare daji da ayari ya san matsayin abokin da suka kwana da ƙishirwa tare, malami kuwa ya san darajar labarin da aka karɓo daga bakin wanda ya gani da ido. Waɗannan tsofaffi shaidu ne, shaida kuma amana ce.

Ga misali daga jirgin nan kansa. A wancan zamani sojan ruwan Amurka suna ware baƙar fata, galibinsu aikin girki da hidimar hafsoshi ake ba su. Duk da haka aka ɗora waɗansu daga cikinsu bisa bindigogin harbo jiragen sama, a matsaya ta 10. Ran 29 ga Oktoba 1944, kusa da tsibiran Filifin, wani matuƙin Japan ya nufo jirgin da ƙunar baƙin wake. Mutanen nan ba su gusa ba, suka yi ta ɓarin wuta har jirgin saman ya faɗo a kansu, mutum 10 suka mutu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, Alonzo Swann, ya ce an yi musu alkawarin babbar lambar jaruntaka ta sojan ruwa, amma da aka zo rabo sai aka ba su wadda ba ta kai ta ba. Bai haƙura ba. Ya yi ta bin hakkinsa har gaban alƙali, aka ba shi gaskiya, aka rataya masa lambar a 1993 a kan wannan jirgi, bayan shekara 49. Da ya yi shiru, da takardar hukuma ce kaɗai za ta yi magana, ita kuwa ta riga ta tauye mudu.

Lalle tsufa yana kawo mantuwa, wani ma yakan ƙara wa labari gishiri. To, nan ne amfanin haɗuwa. Ran 25 ga Nuwamba 1944 jirage biyu suka sake faɗa wa Intrepid, mutum 69 suka halaka. Wanda ke sama ya ga wuta, wanda ke can ƙasa wajen injin ƙara kawai ya ji da hayaƙi. Sai sun zauna wuri ɗaya, wannan ya gyara wa wancan, yadda malamai ke gwama kofe biyu na littafi don a gane inda magwafi ya yi tuntuɓe. Gidan tarihin ya ɗauki muryoyin da yawa daga cikinsu ya ajiye, wannan kuwa ya fi fentin jirgin muhimmanci.

Japan ɗin nan ita ce 'yan ƙasar Hausa suka yaƙa a dajin Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, su ma ta teku aka kwashe su. Ba su da jirgin da aka ɗaure musu su taru a kai. Wanda ke da shekara 18 a 1944 yau ya kusa ɗari ko ya kai, saura ƙalilan ne. Amma a gidaje da dama akwai lambar Bama cikin adaka, da takardar sallama, da ɗa ko jika wanda ya ji labari daga bakin mai shi. Malamin unguwa da ke da alƙalami da tawada yana iya zama da su ya rubuta sunan sojan, da garinsu, da rundunarsa, da sunan wanda ya ba da labarin.