A Koya Mana Haɗa Goge A Makaranta

Na san da jin kan wannan magana wasu iyaye za su ɗaure fuska, domin a nan ƙasar Sakkwato ba a cika ambaton goge a gaban manya ba. To, ina roƙon a yi mini haƙuri, a ji ta bakina tukuna.

A hutun da ya wuce, ran wata Lahadi, aka aike ni kasuwarmu ta Illela sayen igiya. Can bayan 'yan ƙorai na tarar da wani tsoho yana ɗame fata a bakin ƙwarya. Na gaishe shi, na ce, "Baba, me ake haɗawa?" Ya ce goge ne, wani mutumin Ƙonni ya sa shi aikin. Na tsuguna ina kallo har na manta da aiken.

Ashe abin da muke rainawa aiki ne mai wuya. Sai an zaɓi ƙwarya mai kauri wadda ba ta da tsaga, ita ce kumbo. A jiƙa fatar guza a rufe bakinta, a huda rami a gefe don murya ta fita, a zura sanda ta ratsa ta. Tsagiya kuwa gashin wutsiyar doki ce, ana ɗora ta kan ɗan itacen da ake kira jaki. Bakan da ake gogawa shi ma gashin doki ne, kuma in ba a shafa masa ƙaro ba, ko an goga ba ya kuka. Tsohon ya ce in fata ta cika ɗamewa murya ta yi tsini, in ta saki ta yi gangare kamar mai mura, kuma babu ma'auni sai kunne. Ya koya wurin mahaifinsa. 'Ya'yansa uku duk kabu-kabu suke yi tsakanin Illela da Ƙonni, ba wanda ya taɓa riƙe masa fata.

Da muka dawo makaranta na ba malaminmu na tarihi labari, shi kuma ya ba ni na Kiremona, wani gari a Italiya. Turawa suna da nasu gogen mai tsirkiya huɗu, ƙaramin suna ce masa biyolin, wanda ya ɗan fi shi girma da kaurin murya kuma biyola. Andiriya Amati ya kafa sana'ar a garin tun ƙarni na 16. Bayansa aka yi Antoniyo Sitiradibari, wanda ya rasu a 1737, amma har yau masu sassaƙa suna auna kayan da ya bari suna kwaikwayo. A 1938 aka buɗe makarantar koyon wannan aiki a Kiremona, a 2012 kuma hukumar UNESCO ta sa sana'ar cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. A 2011 an sayar da biyolin ɗinsa guda ɗaya kusan dala miliyan 16. Abin da ya fi ba ni mamaki, su ma bakansu gashin doki ne, su ma ƙaro suke shafawa.

Mu fa? Muna jin sunan Garba Liyo da Audu Yaron Goge, amma wa zai iya faɗin wanda ya haɗa musu gogen da suka yi suna da shi?

Yanzu ga abin da Babana ya ce da na kawo masa zancen. Ya ce goge kayan 'yan bori ne da gidajen giya, ɗan mutunci ba ya taɓa shi. Ban musa masa ba, don lalle an yi kiɗansa a irin waɗannan wurare, kuma malamai sun daɗe suna tsawatarwa. Amma ni ba cewa na yi a buɗe mana dandali ba. Muna da darasin aikin hannu, inda shekara da shekaru ake sa mu sassaƙa kujera 'yar tsuguno da allon rataye maɓalli. Me zai hana a gayyato irin wannan tsoho sau biyu ko uku a zango, ya nuna mana yadda ake zaɓen ƙwarya da jiƙa fata, mu kuma mu auna, mu zana, mu rubuta cikin littafi? Malamin kimiyya ma zai samu abin koyar da darasin sauti, maimakon zanen da yake yi mana a allo. Wanda iyayensa ba su yarda ba, a bar shi da kujerarsa.

Akwai wata matsala da ban ɓoye ba: guza ta yi wuya, dawaki ma sun ragu tun da babura suka cika gari. Tsohon ya ce wasu sun koma fatar akuya da zaren roba, amma muryar ba ɗaya ba ce. In haka ne, sai mu gwada mu ji bambancin da kunnenmu tun yana raye, don shi ya san yadda ta ainihin take.

Na roƙe shi ko zai zo in Shugaban makaranta ya yarda. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, in za a biya mini kuɗin mota, kuma ba ranar kasuwa ba."